Shara a Gindin Aduwa

Ranar Talata da hantsi mutanen Tudun Kalgo suka tarar dutsen meri ya yi tafiya. Dutse ne na siminti, ɗaya daga cikin huɗun da meri, wato ƙaramar hukuma, ta kafa a kusurwoyin tsohon kufai na gabas da gari, inda za a gina gidan haihuwa. Uku suna nan inda aka bar su. Na huɗun, wanda ke bayan wata tsohuwar aduwa, an tone shi an dawo da shi gabanta, har aduwar da ƙasar gindinta suka fita daga filin gwamnati suka faɗa cikin gonar Danda.

Kafin a aika kiran Na Allah mai bin sawu, gari ya riga ya kwashe ya zo kallo. Kai, mutane! Gane ɓarawo ba su iya ba, amma tattake sawunsa gwanaye ne. Da Na Allah ya iso, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafun jama'a, sai ya ji kamar ya ɗauki sanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Dattijo ne dogo siriri, wanda ya ƙare rayuwarsa kansa a sunkuye. Ya taɓa bin raƙumin sata tun daga nan har Issawane, kuma ya dawo da shi.

"To mi kuke so in karanta a nan?" in ji shi. "Sawun uban kowa na nan."

Ba wanda ya yi dariya, don duk idanu na kan Danda, wanda ke tsaye gefe guda yana huci.

Abdul Razak, ma'aikacin meri da ya yi ta jigilar wannan aiki tun bara, ya ja Na Allah inuwar babur ɗinsa. Idonsa ja, leɓensa a bushe.

"Baba, bari in hwaɗa maka gaskiya. Jibi masu porje, waɗanda za su biya kuɗin ginin, ke zuwa daga Tasawa da kayan aiki. Dokarsu guda ce: hilin da ke da rigima ba su gini a kai. In mutum ɗaya ne ya yi kwaɗayin gona, da sauƙi. A mai da dutse, a miƙa shi ga jandarma, aiki ya ci gaba. In kuwa ba a san wanda ya yi ba, rigima ce ke nan, kuma akwai wani gari wajen Kona da hilinsu ke shirye, jira kawai suke."

"A sake ba su wani hili mana."

"Sai majalisar meri ta sake zama, sai an sake kiran mai awo, kafin nan shekarar porje ta rufe. Baba, na sha wuya kan ginin nan. Kar ya kuɓuce mana."

Na Allah bai bukatar a roƙe shi. Ɗiyarsa Sa'a, ita kaɗai ce Allah ya raya masa, tana da ƙaramin ciki, haihuwa sai farkon damina. Daga Tudun Kalgo zuwa likita mafi kusa kuwa tafiyar yini ce a amalanke, cikin rairayi mai cin ƙafar jaki. Tun da aka kafa duwatsun nan yake kwana da lissafin cewa jikansa a ƙarƙashin rufin kwano za a haife shi, gaban ungozoma ta asibiti. Shi da kansa ya bi mai gari da liman da sauran dattawa suka zagaya kufan da mai awo, suka shaida cewa wuri ne da ba mai shi, ba gona, ba burtali, ba komai.

"Zan samo maka shi," in ji Na Allah.

*

Ya fara da Danda, don gari ya riga ya yanke masa hukunci. Danda mutum ne mai baki, ran da aka yi awo ya yi ta hayaniya cewa an ci masa kuyya uku daga gonarsa, har ya ce dutsen nan ba zai ga damina ba. Na Allah ya iske shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya.

"Ka zo kama ni?"

"Na zo gaishe ka. Ina ka kwana?"

"Ina zan kwana? Bisa gadona! Na Allah, tare muka yi kiwon awaki da kai. Ni mahaukaci ne? In yi barazana gaban jama'a, sannan in tahi in ɗauke dutse in kawo shi cikin gonata, don kowa ya san ni ne?"

"Mutum in ya husata yakan yi wauta."

"To in wautar zan yi, mi zan yi da gindin aduwa? Ƙaya ce da inuwa, ko kaɗan gero ba ya tashi a wurin. Kuyyata uku da aka ci suna ta arewa. Can zan matsa dutse in da ni ne."

Wannan magana ta shigi Na Allah, don gaskiya ce. Duk manomin da zai saci ƙasa, mai amfani zai sata. Ya dubi ƙafar Danda, ya dubi takalminsa na taya, ya dubi bakin hauyar, bai ga ɗanyar ƙasa a jiki ba.

"Bakinka ne ya ja maka," ya ce da shi yana miƙewa.

"Bakina ne, amma ba hannuna ba."

*

Daga nan ya nufi rugar Ishaƙu, don ya ga kofaton shanu ya ratsa gefen filin. Wasu har sun fara cewa ai Fulani ne, wai suna jin haushin gini zai tare musu hanyar zuwa rijiya. Ishaƙu ya shimfiɗa masa buzu, matarsa ta kawo nono.

"An ce mu ne ko?" in ji Ishaƙu yana murmushin da bai kai ido ba. "Kullum mu ne. Baba Na Allah, matata ma haihuwa take. Wancan karon a bisa hanya ta haihu, ƙarƙashin kalgo. Mi zai sa in ɓata gidan haihuwa?"

"Ban ce kai ne ba. Yaushe ka wuce ta wurin?"

"Bayan sallar asuba, gari ya yi haske."

"Ka ga mutum?"

"Ko ɗaya. Dutsen ma ban lura da shi ba. Abu guda dai na gani da ya ba ni mamaki: wurin tas yake, ba kashin akuya, ba ganye. Har na ce a raina, meri ta fara biyan mai shara tun ba a yi gini ba."

Na Allah ya ajiye ƙwaryar nonon. Bai ko tsaya dogon ban kwana ba.

*

Rana ta take tsaka lokacin da ya koma kufan, kowa ya watse. Ya bar ramin dutsen da jama'a suka tattake, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin aduwa, inda ƙaya ta hana 'yan kallo zuwa. A nan ƙasa ta yi masa magana.

An share wurin. Na Allah ya san yadda ɓarawo ke ɓatar da sawu: reshe yake karyowa ya ja a bayansa, gaggawa-gaggawa, ya bar layi ɗaya kamar na maciji. Wannan kuwa da tsintsiya aka yi, cikin natsuwa, layi bisa layi, kowane ya rufe bakin ɗan'uwansa. An tattara sharar wuri guda a gefe, an ma danne ta da ɗan dutse don kar iska ta mai da ita. Wa ke ɓoye laifi ya tsaya tara shara? Ya kwanta rub-da-ciki ya dubi bakin layukan. Daga hagu suke tashi su faɗi dama. Mai sharar bahago ne, ko bahaguwa.

A gindin itacen ya ga tsingaro uku na tsohuwar tukunya, a kife, a jere, an goge musu ƙura. Ya ɗaga ɗaya, bai ga komai ba sai ƙasa, ya mayar. Wasan yara, ya ce a ransa.

Ya tashi yana ƙirga bahagwan gari a kansa. Yusuf mahauci bahago ne, amma yana Korgom cin kasuwa tun shekaranjiya. Akwai wani ɗan liman, shi kuwa ko buta ba ya iya ɗauka don lalaci. Ya yi ta juya sunayen maza har ya iso gida, kansa na sarawa.

Matarsa Tanna ta kawo masa fura a inuwar rumbu, ta koma bakin murhu. Ita ba mai yawan magana ba ce. Ya ɗaga ludayi zai kai baki, idonsa ya sauka a ƙasa, don idonsa bai san wani wurin sauka ba.

Layi bisa layi, kowane ya rufe bakin ɗan'uwansa, daga hagu zuwa dama. A can gefen danga, tarin shara, an danne shi da ɗan dutse.

Wayyo! Tun ranar da aka kawo ta gidansa yake taka wannan shara kowace safiya, bai taɓa dubanta ba sai yau. Ya ajiye ludayin.

"Tanna."

"Na'am, Malam."

"Mi ya sami wuyanki kike juya shi da ƙyar?"

Ta daɗe tana tura itace cikin wuta. Sannan ta ce, "Dutsen da nauyi."

"Inna lillahi! Ke? Ke da ɗiyarki ke da ciki? Kin san abin da kika yi wa gari? Kin san Danda za a ɗaure?"

"Na tambaye ka, Malam. Ran da kuka dawo daga awo na ce maka, har gindin aduwa za a haƙa? Ka ce mi ruwana da aikin maza."

Ya tuna. Ya faɗa, kuma da dariya ya faɗa.

"Jiya wajen rijiya na ji an ce a wagga kusurwa za a haƙa masai," in ji ta. "Masai, Malam. A kansu."

"A kan su wa?"

Ta juyo ta dube shi, irin duban da ba ta taɓa yi masa ba.

"Kufan can ba gidanmu ba ne kahin gari ya matso kusa da rijiya? Ɗakina ba a gaban aduwar yake ba? Uku na haifa kahin Sa'a. Ina kake zaton aka kai su?"

A garin nan, a wancan zamani, jinjirin da bai kai ranar suna ba ba a kai shi maƙabarta. Ungozoma ke naɗe shi a ƙyalle ta rufe shi a bayan ɗakin uwarsa, ta kife tsingaro a kai. Uba ba ya zuwa, ba ya tambaya, kunya ce. A ce masa Allah bai raya ba, ya ce Allah ya sa mai ceto ne, ya ɗauki hauyarsa ya tafi gona. Haka Na Allah ya yi har sau uku. Shi da ke gane akuyar mutum daga kofatonta, ɗazu ya ɗaga tsingaron da ke kan ɗansa ya ce wasan yara ne.

"Mi ya hana ki hito ki hwaɗa?"

"Gaban mai gari da liman? In ce mi? Ko suna ba su da shi. Na ce dai in matsa dutsen kaɗan, ƙila ba wanda zai lura, a yi ginin a bar mini su."

Ya yi tagumi. Lissafin ya fito masa fili, kuma ba daɗi ta kowane gefe. In ya yi shiru, a ɗaure Danda, a yi gini, a haƙa masai a kan 'ya'yansa. In ya yi magana, ya san masu porje: wanda ke gudun rigimar gona ba zai taɓa kabari ba. Ya dubi ɗakin da Sa'a ke kwana in ta zo gida, hawaye ya zubo masa, bai share ba.

*

Washegari da la'asar aka taru a ƙofar mai gari. Maza a tabarmi, mata can baya jikin danga, kamar kullum. An zaunar da Danda da Ishaƙu a tsakiya. Abdul Razak na gefe da taswirar fili a cinyarsa.

"To, Na Allah," in ji mai gari, "mi ƙasa ta ce maka?"

Na Allah ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba Ishaƙu ba ne. Shanunsa sun wuce bayan an gama aikin, kofatonsu na bisa. Danda kuma ban ga sawunsa ba."

"To na wa ka gani?"

"An tattake wurin. Ban gane ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Ba a taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce abokinsa yake rufa wa asiri. Abdul Razak ya dafe kai.

"Ranka ya daɗe, gobe suke zuwa. In ba suna, ba gini."

Mai gari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Daga nan ya ce, "Wanda ya yi barazana gaban shaidu, kuma ƙasar ta koma cikin gonarsa, shi ke da amsa. Danda, za ka bi Abdul Razak wurin jandarma. In kana da gaskiya can za ta hito."

"A kawo Alƙur'ani in dafa!" Danda ya yi ihu. "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Gini kuke so, shi ya sa za ku ba da ni? Na Allah, dube ni! Ka san ba ni ba ne, na gani a idonka!"

Na Allah bai ɗago ba. Kuma a gaskiya, Allah ya gani, a wannan lokacin ya zaɓi jikansa. Ya bar samari biyu suka kama hannun abokinsa.

"Ku sake shi."

Muryar daga jikin danga ta fito. Tanna ta ratso tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba, mayafinta a ka, wuyanta a karkace. Ta durƙusa gaban mai gari.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗauke dutsen. Ɗiyana uku suna gindin aduwar. Ban iya barin a haƙa masai a kansu ba, kuma ban iya barin a ɗaure bawan Allah a kaina ba."

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Nawa biyu suna ta arewa, inda aka ce za a yi ƙofa."

Wata ta ce, "Nawa na tsakiya."

Wata kuma ta fara magana kuka ya ci ƙarfinta. Haka suka yi ta faɗi, ɗaya bayan ɗaya, matan da suka yi aure a tsohon gari, kowace da wurinta. Mazajensu na zaune a tabarmi suna ji, yawancinsu yau suka fara ji. Filin da dattawa suka rantse ba mai shi, ashe cike yake da masu shi.

Abdul Razak ya naɗe taswirarsa a hankali.

"Sau nawa na zo garin nan ina tambaya? Mi ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ɗana, mu ka tambaya," in ji Na Allah. "Mu kuwa ba mu sani ba."

"Da tun bara aka hwaɗa, da an matsa yamma, an gama magana. Yanzu ba ni da ikon ɓoye abin da gari duka ya ji." Ya miƙe ya nufi babur ɗinsa. "Zan roƙe su. Amma kar ku sa rai."

Danda ya zo wucewa ta gaban Na Allah, ya tsaya, ya dube shi, ya wuce. Daga ranar bai ƙara gaishe shi ba.

*

Masu porje ba su zo ba. Aka ji labari an fara gini a wancan gari na wajen Kona. Majalisa ta ce za ta duba batun sabon fili in wani porje ya samu. Duwatsun nan huɗu suka ci gaba da tsayuwa a kufai, awaki na soshe jiki da su. Ba wanda ya kai Tanna ko'ina, ba kuma wanda ya zage ta a fili, amma in ta iso rijiya hira takan mutu.

Da ruwan farko ya sauka, aka kira Na Allah wani ƙauye neman bijimin da ya ɓata, ya yi kwanaki a can. Ranar da ya dawo, da hantsi, tun kafin ya shiga gari ya ga sawun amalanken surukinsa, mijin Sa'a, a kan ɗanyar ƙasa. Ya san tayar, ta hagu tana da faci. Sawun fita ne zuwa hanyar likita, jaki a guje, ana dukansa, kofato na watsa ƙasa. Ya matsa kaɗan ya ga sawun dawowa a kan na fitar. Jakin tafiya yake a hankali, ba mai kora shi, har ya tsaya cin ciyawa a hanya ba wanda ya hana shi.

A mararraba amalanken ya tsaya, mutum ɗaya ya sauka. Tayoyin suka yi gida, da nauyin mai kwance a kai, sai ya san Sa'a na da rai. Sawun da ya sauka kuwa ƙarami ne, na mace, ba takalmi, ya yi gabas.

Na Allah ya bi shi, ko da yake bai bukatar bi. Ya wuce dutsen meri, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin aduwa. An share wurin tas, layi bisa layi, daga hagu zuwa dama. Ya durƙusa ya ƙirga tsingaron da yatsa. Huɗu ne.